Katin tarot na Rider-Waite-Smith: zanen ya yi min, duban da ke ciki kuwa a'a

Katin tarot, wato katin hotuna da Turawa ke yin duba da shi, samfurin Rider-Waite-Smith na saya, kuma bari in faɗa tun yanzu ba don duba na saye shi ba. Ni harkar zane nake karanta a nan Ingila, kuma shagunan littattafai da yawa in ka shiga sai ka tarar da shi a jere kusa da littattafan gyaran hali, ana tallarsa da cewa yana sa mutum ya san kansa ya gyara zuciyarsa. To wannan maganar ce na so in gwada, in ga ko akwai wani abu a ciki ko kuwa bokanci ne kawai aka zuba a kwali mai kyau.

Kati 78 ne a ciki. Guda 22 su ne manya, kowanne da sunansa da lambarsa daga 0 zuwa 21, sauran 56 ɗin an raba su gida huɗu, sanduna da kofuna da takubba da sulalla. Sun fi katin karta da muka sani tsawo, mai ƙaramin hannu zai ɗan sha wahala wajen cakuɗa su. Kamfanoni da yawa ke buga shi yanzu, nawa dai takardar tana da kauri kalar ma ta fita sosai, sai dai santsi, da ka ɗora su a tebur sai su zame. Akwai ɗan littafin bayani a ciki mai ƙananan rubutu, zan dawo kansa don nan matsalar take.

Abin da masu tallar ba sa faɗa shi ne asalin abin nan wasa ne. A arewacin Italiya aka fara shi a ƙarni na 15, a fadojin Milan da Ferrara, masu sarauta na buga karta da shi, har yau ma a Faransa akwai masu buga shi a matsayin wasa zalla. Sai a 1781 wani mutumin Faransa, Court de Gébelin, ya rubuta cewa sirrin Misira ta dā ne aka ɓoye a cikin hotunan, ba tare da wata hujja ba, daga nan masu duba suka rungume shi. In ma akwai alaƙa da Misira to ta zamanin Mamluk ce, wato sarakunan Musulmi da suka mulki Misira, don daga can katin wasa ya shiga Turai wajajen 1370, kuma katinsu da ke ajiye a fadar Topkapi a Istanbul yana da kofuna da sulalla da takubba da sandunan wasan folo. Shi wannan da ke hannuna kuwa a Landan ya fito a 1909, Arthur Edward Waite ya tsara, wata mai zane Pamela Colman Smith ta zana duka 78 ɗin, kuma gaskiya baiwar Allah nan ta iya hannunta, don hatta ƙananan katunan sai da ta yi wa yawancinsu hoton mutane cikin wani hali, alhali a yawancin katunan dā kofi biyar ko takobi bakwai kawai za ka gani a jere.

Wanda ya riƙe ni shi ne mai lamba 8, katin ƙarfi. Mace ce sanye da farar riga, furanni a kanta da ƙugunta, ta sunkuya kan zaki, hannu ɗaya a saman hancinsa ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙinsa tana rufe masa baki. Babu sanda babu takobi babu sarƙa. Fuskarta a kwance take, ba alamar tsoro ba alamar fushi. Shi kuma zakin ya ɗaga kai yana kallonta, harshe a waje, wutsiya a tsakanin ƙafafu, ba a ji masa ciwo ba kuma ba a cire masa haƙori ko ɗaya ba. Na je na nemo tsohon katin gidan Visconti-Sforza na Milan don in kwatanta, a can namiji ne ya ɗaga kulki zai rafka wa zakin. Kun ga bambancin ko? Ɗaya yana cewa ka murƙushe abin da ke cikinka da duka, ɗayar tana cewa ka matso kusa da shi ka riƙe shi da hannu biyu cikin natsuwa.

Na daɗe ina kallon wannan wutsiyar da hannayen nan. Mu dai an tashe mu da cewa a haɗiye fushi, a yi haƙuri, kuma da yawanmu abin da muka fahimta shi ne mu yi kamar babu zakin kwata-kwata, sai mu yi ta tarawa muna murmushi har ranar da zai ɓalle a kan wanda bai ji ba bai gani ba, ƙani ko mata ko yaron shago. Hoton nan ya nuna min cewa wadda ta iya da zakin ita ce wadda ta yarda yana nan, ta san girmansa, ta san inda za ta dafa. Sai na fara wani abu, in raina ya ɓaci sai da dare in ɗauki biro in rubuta me ya tayar da shi, a ina na fara jinsa, a ƙirji ko a wuya, kuma me na so in faɗa da ban faɗa ba. Wallahi ya taimaka min, musamman wajen waya da gida in an zo maganar kuɗi.

Amma fa ina cikin haka sai hadisin nan na Bukhari da Muslim ya faɗo min, wanda Annabi (SAW) ya ce mai ƙarfi ba shi ne mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne wanda ya mallaki kansa lokacin fushi. Tun muna Islamiyya muka haddace shi. Wato darasin ba sabo ba ne a wurina, hoton dai ya sa na gan shi da ido, kuma rubutun daren da nake yi ai muhasaba ce.

To yanzu ɗan littafin nan. Shi ba ya cewa ka zaɓi hoto ka yi tunani a kai. Cewa yake ka cakuɗa katin, ka riƙe tambaya a ranka, ka zaro a kife, ka jera wannan na abin da ya wuce, wannan na yanzu, wannan na abin da zai zo, in kuma katin ya fito kai a ƙasa ma'anar ta juye. 'Yan uwa wannan duba ne, ba shi da maraba da bugun ƙasa, ko da wane suna aka kira shi. Gaibu na Allah ne shi kaɗai, kuma hadisin Muslim a fili yake cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Ni ban zaro ko ɗaya a kife ba, a buɗe na baza su na zaɓi wanda zan kalla. Abin da ya dame ni shi ne yadda layin yake da siriri, mutumin da ke cikin damuwar aure ko neman aiki, kati na hannunsa littafin na gefensa, da wuya ya tsaya a kallon zane kawai, zuciya za ta ce masa zaro ɗaya mana ka gani. An gina kayan ne a kan haka, duk maganar sanin kai a bayan kwali take.

Sannan masu yara a gida ku sani akwai katunan da aka zana mutane tsirara, kamar na tauraruwa da na masoya da na shaiɗan, akwai kuma alamomin Kiristanci da haruffan Ibrananci da na taurari, don Waite da Smith dukansu 'yan ƙungiyar asiri ta Golden Dawn ne. Ba abin da za ka bari a falo ba ne.

Wajen zane na ba shi biyar cikin biyar ba tare da shakka ba. A matsayin abin gyaran zuciya kuwa ba zan ce wa Musulmi ya saya ba, wanda yake jin ransa na son sanin gobe kuma ya yi nesa da shi gaba ɗaya. In ɗalibin zane ne kai irina, hotunan 1909 ɗin duk suna intanet kyauta, ka buɗe na 8 ka jera shi da na Visconti-Sforza a kwamfutarka ka duba yadda aka zana hannayen, ba sai ka kashe kuɗinka a kan kwalin ba.