Makarantar ƴan mata ta mishan a Yamai: karatun yana da ƙarfi, dokar harshen ce take bukatar a sake duba ta

Duk shekara idan damina ta ja baya, ana shirin komawa makaranta a watan Oktoba, iyaye a Yamai sukan yi ta tambayar juna ko ya dace musulmi ya kai ɗiyarsa makarantar mishan, kuma ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ɗiyata tana ajin sagon, wato shekara ta biyar ta sakandare, ɗiyar ƙanwata da nake riƙo kuma tana ajin sankiyam, wato shekara ta biyu, a ɗaya daga cikin makarantun sakandare na ƴan mata zalla da Kiristoci ke gudanarwa a birnin nan. Ba zan ambaci sunanta ba, tun da akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma ba makaranta ɗaya ce kaɗai ke da wannan hali ba.

Manhajar da ake koyarwa ta ƙasa ce, babu ƙari babu ragi. Yarinya tana yin shekara huɗu daga siziyam zuwa turwaziyam ta zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare, sannan ta yi shekara uku daga sagon zuwa tarminal ta zauna bakaloriya, jarrabawar kammala babbar sakandare, a sashen A na adabi da harsuna, ko sashen C na lissafi da fizik, ko sashen D da ya fi karkata ga kimiyyar halittu. Ana ba da maki a kan 20, kowane darasi da nauyinsa, kuma wadda matsakaicin makinta ya gaza 10 ta san akwai magana. Duk wannan haka yake a makarantun gwamnati. Bambancin shi ne a nan ana gama manhajar kafin jarrabawa. Wanda ya san yadda yajin aikin malaman kwantaragi da zanga-zangar ɗalibai suka sha cinye makonni a makarantun gwamnati, da yadda yara ke cunkushe a aji ɗaya har malami ya kasa sanin sunayensu, ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana shiga aji a kan lokaci, malami ba ya fashi sai da dalili, ana yin gwajin ba-zata a kai a kai, kuma takardar da yarinya ta rubuta tana dawo mata da jan biro a kowane layi, ba maki kawai a saman shafi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke tura ƴan mata zuwa kimiyya. A gidaje da yawa an riga an yanke wa ɗiya mace hukunci cewa lissafi ba nata ba ne, sai ta nufi sashen A ko da tana da ƙwaƙwalwar sashen C. A nan malamar lissafi ce da kanta take kiran uba ta nuna masa makin ɗiyarsa, ta roƙe shi kada a bari tsoro ya kore ta. Ɗakin gwaje-gwajen ba wani babba ba ne, amma ana amfani da shi. Ranar da aka buɗe wa iyaye ƙofa na tarar da yara sun ɓare siririn bayan albasa sun shimfiɗa a kan gilashi, sun ɗiga masa ruwa mai launi, suna bin layi suna leƙa madubin ƙara girma ɗaya bayan ɗaya, kowace tana zana abin da ta gani a littafinta. Ɗakin kwamfuta kuwa bai kai ba. Na'urorin sun yi kaɗan, yara uku ko huɗu ke zagaye guda, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya yi tsanani wuta take yawan ɗaukewa, darasin yakan koma rubutu a allo.

Suna kuma bibiyar yarinya idan ta daina zuwa. A ƙasar da binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin su cika shekara 18, har gwamnati ta fitar da doka a Disamban 2017 don kare karatun ɗiya mace zuwa shekara 16, makarantar da ke kiran gida a rana ta biyu ta ji dalilin fashi tana yin aikin da ya dace.

Maganar addini ba ta bukatar tsawaitawa. Mafi yawan ɗaliban musulmai ne, ana sa hijabi mai launin kayan makaranta, darasin addinin Kirista na ƴaƴan Kiristoci ne kawai, sauran kuma ana yi musu darasin tarbiyya da zaman tare. Ban taɓa jin an matsa wa yarana a kan imaninsu ba. Sai dai babu Alƙur'ani babu fiƙihu, saboda haka wanda ya kai ɗiyarsa can ya tanadar mata islamiyya da yamma ko ƙarshen mako. Mai son a haɗa masa boko da Larabci a wuri ɗaya, makarantun faranko-arab ne nasa, waɗanda tarihinsu a ƙasar nan ya faro daga madarasar garin Say a 1957.

Inda nake da magana mai tsawo shi ne dokar harshe. Daga ƙofar makaranta zuwa lokacin tashi, Faransanci kaɗai aka yarda a yi, a aji, a fili, har a gindin mai sayar da fanke lokacin shan iska. Hujjar hukumar makarantar ba ta banza ba ce. Da Faransanci ake rubuta kowace jarrabawa, har lissafi da tarihi, kuma yarinyar da ba ta fahimci tambaya ba ta faɗi ko da ta san amsa. Ban da haka, ajin Yamai taron dangi ne: ga Zabarmawa, ga Hausawa, ga Fulani da Buzaye da Barebari da Gurmawa, ga kuma ƴaƴan baƙi daga Benin da Togo da Burkina Faso, don haka suna ganin harshe ɗaya da ba na kowa ba shi ne zai hana a ware gida-gida. Kuma gaskiya dokar tana haifar da abin da ake so. Ɗiyata tana rubuta sharhin shafi huɗu da Faransanci mai tsabta, tana tsayawa gaban jama'a ta yi bayani ba tare da in-ina ba, abin da ni ban iya ba a shekarunta.

Amma hanyar da ake tilasta dokar tsohuwar hanya ce da iyayenmu suka sani tun lakwal ta zamanin Turawa. A ƙananan azuzuwa akwai wani ɗan katako mai igiya da ake rataya wa wadda aka ji ta yi Hausa ko Zabarmanci. Ita kuma sai ta kasa kunne, ta kama wata ta miƙa mata, wadda ya kwana a hannunta ta share aji ko ta rubuta jimla ɗaya sau da yawa. Ba a duka, wannan na yaba. Sai dai dabarar tana mayar da yara masu gadin bakin juna, kuma tana koya wa yarinya ƴar shekara goma sha biyu cewa harshen da take gaida kakarta da shi laifi ne da ake ɓoyewa.

Ɗiyar ƙanwata ce ta nuna mini nauyin abin. Ta yi firamare a wani ƙauye na jihar Tawa, inda Faransanci ke ƙarewa a bakin ƙofar aji, ba kamar ƴaƴan ma'aikatan Yamai da suka tashi suna jin sa a gida da talabijin ba. Watanninta na farko a siziyam shiru ta yi su, kuma takardar sakamakonta ta zo da rubutun malami cewa ba ta sa baki a darasi. Wani dare na zauna da ita a kan aikin lissafi na kason lamba, na karanta mata tambayar, na mayar da ita Hausa da misalin rabon gero a tiya, kafin in rufe baki ta ba ni amsa daidai. Na ce, to me ya hana ki faɗi haka a aji? Ta ce, “Kawu, na san amsar, amma kafin in haɗa ta da Faransanci an riga an wuce, idan kuma na tambayi ta kusa da ni da Hausa za a rataya mini katako.” Yarinyar ba lissafi ya fi ƙarfinta ba. An toshe mata hanya ɗaya tilo da za ta nemi taimako, a daidai shekarar da ta fi bukatar taimakon.

Wannan ba sabuwar muhawara ba ce a Nijar, kuma shi ya sa nake ganin makarantar ta makara. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara wa yaro karatu da Hausa sannan a shigo da Faransanci a hankali, daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa wasu harsunan ƙasa. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, a 1999 aka daidaita ƙa'idar rubuta Hausa a hukumance, dokar 2001 kuma ta jera harsuna goma a matsayin harsunan ƙasa. Sai ga Kundin Sake Gina Ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Kowa yana da ra'ayinsa a kan wannan mataki, kuma a Yamai, inda Zabarmanci ke da tushe mai zurfi, an yi ta ce-ce-ku-ce a kansa. Amma ko mutum ya yarda ko bai yarda ba, akwai abin dubawa idan ana hukunta yarinya a babban birnin ƙasa saboda ta yi magana da harshen da kundin ƙasar ya ɗaukaka. A ɗakin karatun makarantar na duba kanta bayan kanta, ban ga littafi ko ɗaya da Hausa ko Zabarmanci ba. Ɗiyata mai rubuta shafi huɗu da Faransanci, idan za ta aika wa gwaggonta saƙo a waya, Hausar da take rubutawa da harufan Faransanci take haɗa ta, ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai mai karatu ya yi ta lalube.

Na ɗaga wannan magana a taron iyaye. Shugabar makarantar, dattijuwa mai haƙuri da sauraro, ta ce mini, “Alhaji, ba mu ƙi ba, amma ina malaman da aka horar, ina littattafan sakandare, kuma idan na sa Hausa me zan ce wa uwar da ɗiyarta Bazabarma ce? Ranar da aka sa harshen ƙasa a BEPC, washegari za ka gan shi a jadawalinmu.” Wasu iyaye suka mara mata baya, wani ma ya ce shi Faransanci ya biya kuɗi a koya wa ɗiyarsa, Hausa kuwa akwai ta kyauta a gida. Na yarda da rabin maganarta. Makaranta ɗaya ba za ta ƙirƙiro malamai da littattafan fizik da Hausa ba, kuma ni ma ba na neman a sauke Faransanci daga aji alhali da shi za a yi bakaloriya, da shi kuma ake karatu a Jami'ar Abdou Moumouni. Amma jefar da katakon nan ba ya bukatar kasafin kuɗi. Barin yara su yi harshensu lokacin shan iska ba ya bukatar izinin minista. Malamin siziyam zai iya ba da minti biyu yarinya ta bayyana wa ƴar uwarta abu da harshen da suka fi ji, sannan a dawo a faɗe shi da Faransanci, wanda shi ne ma hanyar da kalmar za ta zauna a ka. Awa ɗaya a mako ta koyon rubuta Hausa da Zabarmanci, kowace yarinya ta zaɓi wanda take so, ita ma ba ta fi ƙarfin makarantar da ke da ƙungiyar wasan kwaikwayo da ta mawaƙa ba, kuma hakan ya amsa tambayar uwar Bazabarma.

Ingilishi ma yana bukatar gyara, ko da yake matsalarsa daban ce. Ana fara shi tun siziyam kamar yadda manhaja ta tanada, malaman kuma sun san aikinsu, amma da Faransanci ake bayyana shi, kuma nahawu da cike gurbi sun cinye lokacin magana. Bayan shekara huɗu yarinya tana iya jera sauye-sauyen aikatau ba kuskure, amma idan baƙo daga Kano ko Accra ya tambaye ta hanya sai ta daburce. Ga ƙasar da ke da iyaka ta kusan kilomita 1,500 da Najeriya, wadda kuma ta sa Ingilishi cikin harsunan aikinta, wannan giɓi ne da ɗalibai za su ji a jikinsu idan sun tashi neman gurbin karatu a waje.

Kuɗin makarantar yana da nauyi ga ƙaramin ma'aikaci, ko da yake ana karɓarsa kashi-kashi, kuma a lissafa da kayan makaranta da littattafai da kuɗin kai da ɗauko, domin babu motar ɗalibai. Gurbi yana da wuya, ana yin gwajin shiga, saboda haka a fara bincike tun kafin a rufe shekara a watan Yuni. Wanda ɗiyarsa ta yi firamare a birni kuma Faransancinta ya zauna, zan ce ya kai ta ba tare da fargaba ba, musamman idan tana da sha'awar kimiyya. Wanda kuma zai ɗauko yarinya daga ƙauye ko daga makarantar da aka fara mata da harshen gida, ya nema mata mai koya mata Faransanci na magana tun lokacin hutun damina, ya je da kansa ya gana da malamin ajinta a makon farko ya bayyana masa daga inda ta fito, kuma ya tambayi hukumar makarantar ƙarara ko har yanzu ana rataya katakon a siziyam.