Daga Leeds: Ingiricin zomo a leda, da yadda ake rage asararsa

Assalamu alaikum Yaya, ya gida, ya yara, ya kuma zomayenka? Ka ce in ba ka labarin yadda ake kiwonsu a nan Ingila ko akwai abin ɗauka. Yawancin masu zomo a nan ba don tukunya suke ajiye shi ba. Ɗan gida ne, da sunansa, da katinsa na asibiti, ana kai shi rigakafi duk shekara. Akwai ma dokar kula da dabbobi ta 2006 da ta ɗora wa mai dabba alhakin ba ta abincin da ya dace da ita. Mu ma yara sun matsa har muka karɓi guda biyu, don an ce ba a barin zomo shi kaɗai.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ingirici. Busasshiyar ciyawar da yaro zai yanko maka a bakin fadama, ita ce a nan ake ƙunshewa a leda mai hoto, a jera a kantuna irin su Pets at Home, kilo ɗaya a kan fam huɗu ko biyar. Akwai ta makiyayar ƙasar, wadda ciyayi ne iri-iri a haɗe, akwai kuma wata irin ciyawa mai tsada da ake kira Timothy, har daga Amurka da Kanada ake shigo da wata. Kuma ba a tsallake ta. Ƙungiyar RWAF mai kula da walwalar zomaye ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na abincin zomo ciyawa ce, ganye kashi 10, abincin kamfani kashi 5 kawai. A kullum yana buƙatar tulin da ya kai girman jikinsa. Dalilin shi ne haƙoransa 28 ba sa daina tsiro, kimanin milimita 2 duk mako, tauna ce ke goge su, hanjinsa kuma in ya rasa ciyawa sai ya tsaya cak.

To ga inda kuɗin ke zurarewa. Zomo mai tsirfa ne. Za ka ga ya cusa hanci cikin tulin, ya yi ta tono da ƙafafun gaba, ya zaro sili ɗaya mai kai, ya zauna yana jan sa cikin baki kaɗan-kaɗan, sauran kuwa ya tattake, ya yi fitsari a kai. Abin da ya jiƙe ya tafi ke nan. Wanda ya kwana a fili ma, da ƙamshinsa ya gushe, sai ya shinshina ya juya maka baya.

'Yan kasuwa sun gane wannan sarai, shi ya sa kayan zuba ciyawa suka cika kanti: ragar ƙarfe, akwatin katako, jakar yadi mai huji, har da ƙwallon waya da ake ratayewa. A ganina rabinsu cin kuɗi ne. Jakar yadin taune ta suke yi. Ragar da ramukanta suka yi ƙanana tana rage zubewa, amma tana rage ci, wanda ya fi asarar muni. Masu faɗi kuma an sha gargaɗin cewa kan zomo ko ƙafarsa na iya maƙalewa.

Abin da na ga yana aiki ba shi da tsada. Zomo yana son ci yana kashi a lokaci guda, don haka ake rataya mazubin daidai saman tiren bayan gidansa, duk abin da ya faɗo ya zama shimfiɗa. Maimakon a jibge masa na yini gaba ɗaya, a zuba kaɗan safe da yamma, a kuma cakuɗa tsohon da hannu, sai ka ga ya dawo kai kamar sabo ne. In an barbaɗa busasshen ganye mai ƙamshi a ciki, ko an cusa ciyawar a kwalin da aka huhhuda, ya fi cinyewa. Yankan ciyawar a gona ma yana da bambanci: na farko ya fi kara da tauri, na biyu ya fi ganye da laushi, kuma namu sun fi cinye na biyun.

Babbar dabarar dai ita ce barin leda. Gonakin wajen gari da masu sayar da abincin dawaki suna sayar da ƙaramin dami mai kusan kilo 20, sau da yawa a kuɗin leda biyu. Sai dai ka buɗe ka shinshina, in da warin ruma ko ƙura ka bar musu kayansu. Matsalar ita ce wurin ajiya, don gidajen nan matsattsu ne, ga danshi shekara duka. Mu a tsohuwar rigar bargo muke zuba shi, mu ɗora kan katako don ya sha iska.

Duk da haka ba a ƙure tsimi. Asibitin dabbobi a nan na kuɗi ne, kyautar NHS, wato tsarin asibitin gwamnati, ba ta kai kansu ba, kuma zomon da ya yi awa 12 bai ci ba a guje ake kai shi. Gyaran haƙori sau ɗaya, da allurar barci, zai iya cinye kuɗin damin shekara. Shi ya sa likitoci ke cewa a ƙyale shi ya zaɓa, a ɗauki wani kaso na ɓarnar a matsayin dole.

Inda kuka fi mu shi ne ragowar. A wajenka abin da zomo ya bari akuya ta share, sauran ya tafi gona. A nan ni da bola ne, kuma wasu ƙananan hukumomin ba sa yarda a zuba shimfiɗar dabbobi a kwandon sharar lambu. Sai da na samu wani dattijo mai ɗan filin lambun haya da ke karɓa yana yin taki.

Abu ɗaya da zan ce ka duba shi ne harawa. A nan alfalfa, wadda dangin wake ce kamar harawar, 'ya'yan zomo da masu shayarwa ake ba wa, don sinadarin kalsiyam ya yi mata yawa ga manya. Tunda naka na nama ne ba laifi, amma iyayen da kake ajiyewa su daɗe, ka riƙa haɗa musu da busasshiyar harkiya ko kyasuwa, ka kuma ɗaga mazubin daga ƙasa. A gaida Inna da su Aunty.