Brute ko Tanker a City of Heroes? Amsa ga ɗan'uwan da ya yi tambaya jiya

Salam 'yan gida. Ɗan'uwanmu da ya shigo kwanan nan ya yi tambaya jiya da daddare, ya ce ya sauke gem ɗin City of Heroes na Homecoming, wato sabobin da masoyansa ke gudanarwa, yana son jarumin da zai kutsa tsakiyar abokan gaba ya yi duka hannu da hannu kuma ya iya shanye duka, amma ya rasa wanne zai ɗauka tsakanin Brute da Tanker. Ya ce galibi shi kaɗai yake bugawa sai ƙarshen mako yake samun tim, netwok ɗinsa kuma sai a hankali. Na ga an ce masa "ɗauki Brute kawai" an wuce, ni kam ban gamsu ba, don na buga su duka biyun har lebul 50 kuma maganar ta fi haka tsawo. Ka kuma sani malam, a gem ɗin nan in ka zaɓi aji ka zaɓa ke nan, respec zai ba ka damar sake jera fawowinka amma ba zai mayar da Brute ya zama Tanker ba.

Asalinsu ma ba ɗaya ba ne. Tanker tun fitowar gem ɗin a 2004 yake nan, shi ne garkuwar jarumai a Paragon City. Brute sai 2005 ya zo tare da City of Villains, ɗan ɓangaren miyagu ne, an yi shi don ya zama ƙaton da ke cin gaba da duka ba mai gadin kowa ba. Yanzu dai kowa na iya ɗaukar kowanne a duk ɓangaren da ya so, amma halin da aka haife su da shi yana nan. Tanker fawowin kariya ne na farko a wajensa duka na biyu, Brute kuma akasin haka, shi ya sa Tanker yake samun sulkensa da wuri, Brute yake samun manyan naushinsa da wuri.

Toh mu fara da shanye duka, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Za ka ji an ce ai duk ɗaya ne tunda su biyun iyakar juriyarsu kashi 90 ne, wato dukan da zai ci maka jini 1000 ya dawo 100. Gaskiya ne, kuma nan suka bar Scrapper, ɗaya ajin mai duka hannu da hannu, a baya don shi iyakarsa 75, duka ɗaya ɗin nan shi 250 zai ci masa. Amma rufin ɗaki ɗaya ba ya nufin tsayinku ɗaya. Lambobin kariyar Brute kashi uku cikin huɗu ne na Tanker, misali a Invulnerability fawar da ke ba Tanker 30 na juriyar naushi da sara, Brute 22.5 take ba shi. Jini ma haka, a lebul 50 Tanker yana farawa da wajen 1874, Brute wajen 1499. Ke nan Tanker da kayan haɓaka na talakawa waɗanda ake saye a shago ya kusa taɓa rufin, shi kuwa Brute sai ya zuba kuɗin gem wajen haɗa setin IO, wato kayan haɓaka na musamman da ake ƙerawa, ko kuma ya samu wani a tim yana ɗora masa kariya kafin ya kai can. Haka maganar kauce wa duka, lambar da kowa ke bi ita ce 45, don abokin gaba na yau da kullum yana da kashi 50 na samunka kuma ba ya sauka ƙasa da 5, kaga daga 40 zuwa 45 ɗin nan da kake raina wa rabin dukan da ke shigarka ne ya tafi. Tanker mai Shield ko Super Reflexes yana kai wa 45 ba da wata wahala ba, Brute sai an yi lissafi.

Sai duka, nan ne Brute yake da abin cewa. Ma'aunin dukansa na asali 0.75 ne, na Tanker kuma 0.95 tun gyaran da Homecoming suka yi a 2020, a da 0.8 ne, shi ya sa tsofaffin 'yan gem har yanzu suke ganin Tanker ba ya kashe ko sauro. A takarda sai ka ce ai Tanker ma ya fi, amma Brute yana da Fury, wata sanda ce ƙarƙashin jininsa da ke cika duk lokacin da ya kai duka ko aka kawo masa, kowane maki ɗaya na ƙara kashi 2, ta cika 100 ka samu ƙarin kashi 200. Bari in yi maka lissafin a sauƙaƙe, ɗauki naushi mai 100 an saka masa kayan ƙara duka na kashi 95. Tanker zai ba da wajen 185 ko yanzu ya tashi daga barci. Brute da Fury babu komai 146, da Fury 80 kuma wajen 266. Wato tun Fury na ashirin da wani abu ya kamo Tanker, daga nan sai dai ya hango ƙurarsa.

Matsalar ita ce Fury ba ta jira, da ka tsaya ta fara zubewa kamar ruwa a kwando. Wannan ne ainihin abin da nake so ka gane fiye da duk lambobin nan, Brute yana canza maka hali. Za ka tsinci kanka kana gudu daga wannan taron zuwa wancan, jini rabi, shuɗiyar sandar kuzari ta kusa ƙarewa, amma ba ka son ka durƙusa ka huta don kar ta sauka. Wallahi akwai daren da nake cikin wani sito muna fama da 'yan Council, Fury ta kai tamanin da wani abu, na tsallaka cikin taro na gaba na danna Foot Stomp ƙasa ta girgiza duk suka zube, daɗi kamar me, sai netwok ya riƙe na kamar daƙiƙa biyar, kowa ya daskare a allo, da ya sake ni sai ga ni kwance ana tambayata ko zan tafi asibiti. Irin wannan riƙewar ta sha samuna da Tanker ɗina mai Invulnerability, in dawo in tarar da shi a tsaye suna ta jibgarsa jinin ko kwata bai tafi ba, don Invincibility ƙara masa kariya take yi gwargwadon yawan waɗanda suka kewaye shi. Ga wanda ke bugawa da datar waya kuma ana iya ɗauke wuta a kowane lokaci wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Riƙe hankalin abokan gaba kuma, wato aikin gadin tim. Su biyun suna da Taunt, fawar tsokana mai juyo da abokan gaba kanka, su biyun duk wanda suka naushe yana juyowa kansu, kuma yawancin sulkensu na da wata da'ira mai tsokanar na kusa. Bambancin shi ne Gauntlet na Tanker, in ya naushi mutum ɗaya har na gefensa suna jin haushi su juyo, Brute kuwa wanda ya taɓa kawai. Dukan Tanker mai faɗi ma yana iya taɓa mutane fiye da na Brute. Amma kar wani ya ruɗe ka, babu wanda ke riƙe fiye da 17 a lokaci ɗaya, iyakar gem ɗin ke nan, in ɗan Blaster, mai harbi daga nesa, ya je ya tsokano taro na biyu alhali kana riƙe da naka cike to na sha takwas kansa zai nufa, ba laifinka ba ne ko da ya zo yana ta surutu a cat. A tim mai mutum takwas na yau da kullum Brute mai hankali yana gadi lafiya lau, inda za ka ji ana cigiyar Tanker da suna shi ne irin faɗan Lord Recluse a ƙarshen Task Force ɗin Ms. Liberty, wato dogon jerin ayyukan da tim ke yi tare, inda mutum ɗaya zai ja shi gefe ya riƙe shi yana shan azaba yayin da sauran ke rushe hasumiyoyin da ke ƙara masa ƙarfi. Brute da aka gina da kyau yana yi, amma ba sabon Brute ba.

Masu cewa Brute kawai, na san inda suka dosa, noma ne. Brute mai Spines da Fiery Aura a cikin AE, wurin da ake buga taswirorin da 'yan gem suka ƙirƙira, shi ne tsohuwar motar neman kuɗi da ɗaga lebul, ka shiga taswirar da duk abokan gaba wuta suke jifa, juriyar wutarka ta kai 90, ka tsaya a tsakiya suna ƙonewa. Yana aiki ba musu, sai dai wannan jarumin in ka fito da shi waje ya haɗu da masu dukan ƙwaƙwalwa ko Rumawan Cimerora masu zaftare kariya da takobi za ka ga ba shi ba ne. Kuma kai da ka shigo yanzu ba ka ma ga gari ba, me zai kai ka kulle kanka a ɗaki ɗaya?

Ni dai a yadda ka bayyana kanka, Tanker zan ce ka fara da shi. Willpower ko Invulnerability a kariya, Willpower ya fi sauƙi don kusan duk kunnawa ne ka manta, ga Quick Recovery da zai rage maka kukan kuzari, a duka kuma War Mace ba ya da rigima. Super Strength akwai daɗi amma Rage, fawarsa mai ƙara ƙarfin duka, in ta ƙare tana jefa ka cikin 'yan daƙiƙu da naushinka ba ya komai, sai ka saba. In ka ji kashe bos ɗaya yana ɗaukar maka lokaci har kana hamma, toh jininka na Brute ne, buɗe sabon gurbi ka yi shi, gurabe suna da yawan gaske a Homecoming kuma kyauta ne, kuɗin da Tanker ya tara sai ka tura masa ta wasiƙar cikin gem ya sayi seti.

Abu ɗaya da bai bar kowannensu ba, in ka kai wajen lebul 40 ka fara haɗuwa da 'yan Malta, duba cikin taron ka nemo wanda ake kira Sapper ka fara da shi kafin kowa, harbinsa kuzari yake zuƙewa, sandar na ƙarewa duk sulken da ka kunna zai mutu lokaci ɗaya, Tanker ne kai ko Brute. Ka riƙa ajiye shuɗayen ƙwayoyi masu dawo da kuzari biyu ko uku a tire saboda shi.