Darasin dabon karta da na biya a Garoua, ga ra'ayina

Jama'a masu tambayata kan darasin nan na rufa ido da karta, na biya ta Orange Money, mai koyarwan yana turo bidiyo ta WhatsApp, ran Asabar kuma a haɗu ido da ido. Gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba.

Abin da ya fi burge ni bai fara da hannu ba sam, cewa ya yi kowa ya fara zaɓan wane irin mutum zai zama a gaban 'yan kallo, mai barkwanci ne ko shiru shiru ko wanda kamar bai iya komai ba. Ya kawo zancen Robert-Houdin, Bafaranshen nan da ya rasu a 1871, wanda ya ce ɗan dabo ɗan wasan kwaikwayo ne da ya fito a matsayin mai sihiri. Ya sa muka kalli Lennart Green na Suwidin, mutumin da zaka ga karta na zubewa a hannunsa kamar bai taɓa riƙe ta ba, alhali duk ya san inda kowace take, har ya ci gasar 'yan dabo ta duniya, wato FISM, a 1991.

Misali ɗaga karta biyu a manne kamar guda ɗaya, hannu na iya koyonsa da naci, amma in idonka na kan yatsunka to kowa nan zai kalla. Shi mai koyarwan sai ya ɗago kai ya tambaye ka sunanka ko unguwarku, kana amsawa kana kallon fuskarsa aiki ya riga ya wuce, wlh kana sane da dabarar ma sai ta shige ka. Kuma ya hana mu shigar boka ko cewa aljanu ne, wai a faɗa wa mutane saurin hannu ne kawai, wannan ya kwanta min sosai don a garin nan ba a wasa da zancen tsafi.

Inda na ga gyara, sautin bidiyon bai fita da kyau kuma rabin bayanin da Faransanci ne, wanda bai yi lekol ba zai wahala. Sannan kartar kasuwa manne wa take in hannu ya yi zufa, ku nemi karta samfurin Bicycle tun kafin ku fara.