Sharhi kan Animal Crossing: Japanancin da na koya a bakin dabbobi

Ni dai ba mai irin wannan wasan ba ne. Abin da hannuna ya saba da shi ƙwallo ne da harbi, su FIFA da Call of Duty, wasan da za ka ci wani ko a ci ka, a tashi ana musu. Da a baya wani ya ce mini zan raba dare ina bin malam-buɗe-littafi da raga, da na ce a kai shi a duba kansa.

Wata huɗu da zuwana Japan karatu sanyi ya shigo. Kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe, ɗaki shiru, maƙwabta sai dai ka ji motsin ƙofarsu. Abokan wasana na da kuwa sa'o'i sun raba mu, in na samu sarari suna wurin aiki, in sun samu ina barci. Wata abokiyar karatuna ce ta ce in gwada Atsumori. Haka suke taƙaita Atsumare Doubutsu no Mori, wanda sauran duniya ta sani da Animal Crossing: New Horizons, na kamfanin Nintendo, da ya fito a kan na'urar wasa ta Switch ranar 20 ga Maris, 2020. Ta kafa mini sharaɗi guda: in bar na'urar a kan Japananci, don wasan yaren na'ura yake bi.

Ba a cin kowa a wasan, ba a kuma mutuwa. Ana sauke ka a tsibiri da tanti, ka sari itace, ka kama kifi, ka gina gida, dabbobi masu magana su tare kusa da kai, iyakarsu goma. Agogon tsibirin shi ne agogonka: in dare ya yi maka ya yi musu, kanti ya rufe, in aka ce gini sai gobe, to sai goben gaske. Makon farko wannan ya ƙona mini rai. Daga baya na gane shi ne ma amfaninsa, domin rabin awa ya isa, ba ya cinye maka yini.

Mai tsibirin, Tanukichi (Turawa na ce masa Tom Nook), ɗan kasuwa ne na ƙarshe. Ka biya bashin gida na beru (kuɗin wasan) 98,000, ya yi maka murmushi ya faɗaɗa ɗakin, sabon bashi ya hau. Sai dai ba ruwa, ba wa'adi, ba ya kuma zuwa ƙofarka. Ban taɓa ganin mai bin bashi mai haƙurinsa ba.

Inda wasan ya biya ni shi ne harshe. Haruffan kanji, waɗanda Japanawa suka aro daga Sinanci, na zuwa da ƙananan haruffan karatu a samansu, magana kuma ba ta wucewa sai ka danna, don haka sai in ajiye waya a gefe ina duba ƙamus. Dabbar ba ta gajiya, ba ta juya maka zance zuwa Turanci don ta ga fuskar baƙo, abin da mutanen gari ke yi da kyakkyawar niyya amma yake kashe wa mai koyo gwiwa. A nan na fara lura da abin da littafin aji ya tsallake. Mu a Hausa "ni" ɗaya gare mu, a "kai" da "ke" muke rarrabewa. Su kuwa "ni" ɗin ne kala-kala, kuma kowace dabba da nata gwargwadon halinta: mai fushi ya ce ore, malalaci boku, mai son motsa jiki oira, mai rawar kai atai, mai natsuwa watashi. Kafin ka gama karanta jimla ka san da wa kake magana.

Akwai kuma wasa da kalma. Kowace Lahadi da safe wata 'yar yarinya na kawo kabu, wata farar saiwa mai zagaye, ka saya ka jira farashi ya tashi cikin mako, in ka yi sake Lahadi ta zagayo ta ruɓe. Na yi makonni ina wannan ciniki kafin in ga kalmar a labaran talabijin: ashe kabu hannun jari ma take nufi. Ni kaɗai a ɗaki na yi ta dariya.

Sai dai wanda ya koyi magana a bakin dabbobi zai yi ta dabbobi. Tanukichi yana rufe zancensa da kalmar "da na mo", ni kuma na ɗauka wata hanya ce ta tausasa magana. Ranar nan wani babba a ɗakin bincikenmu ya tambaye ni ko na gama aikin da ya ba ni, na amsa cikin ladabi iya ladabi, na liƙa masa "da na mo" a ƙarshe. Ya tsaya yana kallona, ya cire tabarau, sannan ya ce, "Kai ma yana bin ka bashi?" Ashe 'yarsa ce ta sa shi a wasan. Ranar ce ya fara yi mini maganar da ba ta aiki ba, amma har yau kunya nake ji in na tuna. Wanda ke son Japanancin da zai shiga ofis da shi, ya fi kasa kunne ga Shizue mai kula da ofishin tsibiri, da Fuuta, mujiyar gidan tarihi mai tsoron ƙwari. Ko su ɗin ma ba za su raka ka wurin cike takardun zama ba, can wani yaren ne daban.

Aibunsa ba ɓoyayye ba ne. Halayen dabbobin takwas ne kacal, don haka bayan 'yan watanni sai ka ji biyu suna maimaita maka zance ɗaya. Ga mai koyo maimaici alheri ne da farko, daga baya ya zama gundura. Tsibiri ɗaya ake samu a kowace na'ura, ko ku nawa ne a gida. Gatari da fatsa suna karyewa ana tsakiyar aiki, ziyartar tsibirin aboki ta intanet kuma akwai dogon surutu a filin jirgi.

Mai neman bugun zuciya kada ya saya, zai yi hamma. Na fi ba wa wanda ke zaune a inda bai da mai ce masa ina kwana, musamman in yana koyon ɗaya daga cikin yarukan da wasan ke da su. Ni yanzu wata takwas ke nan, na rage shiga, sau biyu ko uku a mako. Na haƙa ɗakin ƙasa, Tanukichi na bina beru 2,498,000, kuma ban ga ranar biya ba, don kabun makon jiya ma a aljihuna ya ruɓe.