Zafin Ƙarƙashin Ƙasa: Wanne Ya Dace da Gida, Wanne Ya Dace da Gari?

Kafin ka miƙa wa kowa kuɗinka, ka tantance abin da kake nema: wutar lantarki ce, ko kuwa sanyaya gida da ɗumama shi? Masu talla kan cakuɗa su, alhali kowanne hanyarsa daban.

Samar da lantarki daga zafin ƙasa ya fi ƙarfin gida ɗaya. A yawancin wurare, duk kilomita guda da aka nutsa, zafi kan ƙaru da digiri 25 zuwa 30 ne kawai a ma'aunin Celsius, don haka kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu sai inda duwatsu masu zafi suka matso kusa da doron ƙasa. Irin wannan wuri ne Larderello ta Italiya, inda aka fara kunna ƙwan fitila da tururin ƙasa a 1904, haka ma Olkaria da Kenya ke mora tun 1981.

Idan ruwan da aka tarar ya haura digiri 180, yana tasowa sai ya rikiɗe tururi ya juya injin samar da wuta. Idan bai kai ba, sai a sa zafinsa ya tafasa wani sinadari mai saurin tafasa, tururinsa ya juya injin, sannan a mayar da ruwan ƙasa. Wannan na biyu shi nake ganin ya fi dacewa da ƙananan garuruwa: a Chena ta Alaska, tun 2006 aka fara samun wuta da ruwa mai digiri 74 kacal. Wutar ba ruwanta da dare ko hadari. Sai dai rijiyar gwaji na lashe maƙudan kuɗi, kuma ana iya haƙawa a tarar da wayam. Wanda ya zo da batun farfasa busasshen dutse da matsin ruwa kuwa, a tuna masa girgizar ƙasar Pohang ta Koriya ta Kudu a 2017, wadda bincike ya alaƙanta da irin wannan aiki.

Abin da magidanci zai iya saya shi ne na'urar jan zafi. Mitoci kaɗan a ƙarƙashinmu yanayi ba ya sauyawa sosai, sai a binne bututu, ruwa na zagayawa a ciki: da sanyi ya kwaso ɗumi, da zafi ya kwashe na ɗaki ya zuba a ƙasa. Ita kanta wuta take sha, amma ɗumi ko sanyin da take bayarwa kan kai ninki uku zuwa huɗu na wutar da ta sha.

Mai fili ya shimfiɗa bututun a kwance, cikin rami mai zurfin mita ɗaya zuwa biyu, ya fi araha. Mai ƙaramin tsakar gida sai rijiya irin ta burtsatse, mai zurfin mita 50 zuwa 150. Da tsada, amma ba ta cin wuri. Akwai wadda ke zuƙar ruwan ƙasa kai tsaye, ba na so a yi saurin rungumarta, domin ruwa mai gishiri ko farar ƙasa yana toshe ta, kuma wurare da yawa sai da izinin hukuma.

Bututun kan yi shekara 50, na'urar cikin gida kuma wajen 20 zuwa 25. Ka dage mai aikin ya gwada ƙasar tukuna, don mai damshi ta fi busasshen yashi ɗaukar zafi, kuma idan aka rage tsawon bututu don rangwame, kai za ka biya a kuɗin wuta. In kuwa haske da firji ne damuwarka, sola da batir ka nufa.