Mai jinya a Delhi, a ina za ka ci abinci?

Duk wanda ya kai mara lafiya Delhi ya san abincin asibiti ba ya kwana uku bai fita ran mutum ba. Wata biyu na yi ina jinyar yayana a can, kuma wuraren cin da na gani iri uku ne.

Na manyan otal akwai tsafta, amma kuɗin kamar da kujerar za ka tafi gida. Na bakin titi kuwa ƙamshi har ƙofar hanci, sai dai cikin baƙo bai saba da ruwansu ba, a bar wa 'yan gari.

Ni dai nawa shi ne ƙaramin gidan abinci na iyali, irin wanda tsoho ke zaune kan akwatin kuɗi, ɗansa na gaban tanderu yana manna gurasa, jika na kai faranti. Irin waɗannan sun cika unguwar Matia Mahal, daura da Jama Masjid, masallacin da sarki Shah Jahan ya kammala a 1656, akwai su kuma a unguwar Nizamuddin. Wanda ya fi suna shi ne Karim's, da zuri'a ɗaya ke riƙe da shi tun 1913, amma kada ka raina ƙananan da ke maƙwabtaka da shi. Abin da ya sa na fi son su: mai wurin yana nan, ka ce a rage barkono ya leƙa kicin da kansa ya faɗa. Ranar da na gaya wa wani dattijo cewa likita ya hana yayana mai da yaji, miyar dal, wato ta wani irin wake, ya sa aka dafa masa daban, da gurasar roti ba man shanu. Da sassafe ka nemi nihari, naman da ya kwana kan wuta, kamar farfesunmu amma mai kauri.

Ka tambayi yanka kafin ka zauna. Ba duk naman Indiya ne halal ba, akwai wanda suke kira jhatka, sara ɗaya ake yi wa dabba. Idan ka ga an rubuta mutton, akuya ce galibi, abin da za ka ɗauka naman shanu ne kuma na ɓauna ne.

Sai maganar damfara, nan na ji jiki. Direban a-daidaita-sahu ya rantse mini wurin da na nema ya rufe, ya kai ni wani mai suna kusan iri ɗaya, harafi guda aka sauya. Ashe la'ada yake karɓa a kan kowane baƙo. Biriyanin da aka kawo shinkafa ce da aka rina, nama tsoka biyu, takardar farashi kuma sai bayan na ci ta fito. Tun daga ranar jirgin ƙasa na cikin gari, wato Metro, nake shiga, in sauka tashar Jama Masjid, in taka da ƙafata. Ka duba farashi kafin ka yi oda. Ka duba murfin gorar ruwa, in an taɓa buɗe shi ka mayar. A rasit harajin GST dole ne, amma kuɗin hidima da wasu ke liƙawa a ƙasa hukumar kare masu saye ta Indiya ta ce tun 2022 ba tilas ba ne, kana iya cewa a cire. Ni na ce, aka ɗan ɓata rai, aka cire.